Rabin Gemun Kofur

Sallama gare ku masu bin labarina, da ku da kuka saba da bakina, da ku da yau ne kuka fara ji. Kafin komai, akwai wata da ta rubuto a ƙasan labarina na baya, wai "Inna ki ji kunya, tsohuwa da jikoki kina kishi da matar cikin littafi." Maƙwabciyata mai ɗinki, wadda nake faɗa tana buga mini a waya, ta so ta tsallake saƙon. Na ga tana murza yatsa da sauri, na ce dawo baya ki karanta mini. To yarinya, na ji ki. Ki bari sai kin yi shekara arba'in kina wanke zanin gadon da namiji ya jiƙe da gumin firgita, sannan ki zo mu zauna mu yi maganar kunya.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce mai injin markaɗe ta bakin layinmu. Ban yi makaranta ba, kuma ban taɓa jin na rasa komai ba sai bana. Mijina tsohon soja ne, kowa Kofur yake ce masa har jikokinsa. Akwai 'yar ƙanwata da na goya tun uwarta ta rasu ta bar ta tana rarrafe. Ita ce ta girma ta zama marubuciya, ita ce kuma ta kwashe labarin yaƙin Kofur ta mai da shi littafin soyayya. Ana sakin sa kashi-kashi a waya, wata mai zaƙin murya tana karantawa. Ba zan faɗi sunan littafin ba, kada in ƙara mata kasuwa.

Ku sani fa, da hannuna na shimfiɗa musu tabarma. Kullum bayan la'asar za ta zo da jakarta a kafaɗa, ta ɗora waya a kan kujera tsakaninta da shi, ta ce, "Baba, daga inda muka tsaya jiya." Har leƙowa take yi ta ce, "Inna, don Allah a ɗan kashe inji, yana shiga cikin ɗauka." In kashe. Mata na tsaye da bokiti, ni na kashe injina saboda 'yata tana aikin ilimi. Mutumin da duk hirarsa da ni ba ta wuce "akwai ruwan zafi?" ba, sai ga shi yana zuba kamar an buɗe famfo. Na ce alhamdu lillahi, ko ba komai ya samu inda zai sauke. Kun ji wauta ko?

Yau ne abin ya fashe. Bel ɗin inji ne ya tsinke da hantsi. Na aika a kira mai gyara. Matan suka ƙi tafiya, suka jera bokitansu na tumatir da tattasai da jiƙaƙƙen wake, suka zauna a kan benci a inuwar rumfa. Matar mai kemis, wadda ko banɗaki ba ta shiga ba waya, ta zaro tata daga cikin riga.

"Kun ji na jiya kuwa? Wallahi Sista ta sa ni kuka har miyata ta kama."

"Sa mana! Sa mana!"

Ni ina tsugune ina kankare busasshen markaɗe daga bakin inji da cokali. Na san akwai wata Sista a littafin, mai jinya a asibitin sojoji, an sha kawo mini gulmarta. Na taɓa tambayar 'yar tawa, ta yi dariya ta ce, "Haba Inna, ƙagagge ne, ɗan gishiri ne kawai na zuba." Na ce to, na bar maganar.

Mai karatun ta fara laƙwasa murya. Wai Sista farar riga, farar hula, tafiyarta ba a ji. Wai hannunta ƙanana ne masu sanyi, ƙamshin sabulu yana riga ta shiga ɗaki. Na yi tsaki a raina, na ce wadda take kwashe fo ɗin majinyata ce mai ƙamshin sabulu. Sai aka zo inda aka kwance wa sojan bandejin wuya. Gashi ya fara tsirowa cikin ciwon, dole a aske. Aka kawo mai aski, soja ya ga ƙarfe ya nufo maƙogwaronsa, ya yi jifa da kwanon ruwa, ya shige ƙarƙashin gado. A nan ne mai karatun ta faɗi dalili: wai an taɓa kama su, shi da abokinsa, aka ɗora musu wuƙa a wuya, aka gama da abokin yana kallo, shi kuma aka fara ba a ƙarasa ba.

Jama'a, a bakin injina na fara jin wannan. A gaban matar mai kemis. Tabon da nake shafa wa mai tun ina da ƙarfina, ban taɓa sanin yadda aka yi shi ba. Na tambaya sau ɗaya a farkon dawowarsa, ya yi kwanaki ba ya cin abinci, ban sake ba.

Ban gama haɗiye wannan ba aka ɗora mini na biyu. Wai Sista ta kori kowa, ta rufe ƙofa. Ta ɗauko 'yar gajeruwar kujera ta zauna ƙasa da shi. Ta nuna masa askar ciki da baya. Sannan ta kamo hannunsa ta ɗora a kan tsintsiyar hannunta, ta ce, "Idan ka matsa, zan tsaya. Idan ka saki, zan ci gaba."

Cokali ya suɓuce mini ya faɗa cikin inji.

"Wayyo Allah, Sista!" in ji wata.

"Irin waɗannan su ne mata, ba mu ba."

Akwai wata sabuwar amarya a layin, ba ta san wa ke wa ba, ta gyara ɗankwali ta ce, "Ni wallahi da ya saki masifaffiyar nan ta gida ya auri Sista. Kullum aka zo wajenta daga buga ƙofa sai buga tukunya. Me take tsinana masa?"

Na ga matar mai kemis ta mintsine ta a cinya. Mai karatun dai tana ta zuba zuma.

Na miƙe, na goge hannu a zani. Na ce, "Ke amarya, ɗauki bokitinki."

"Inna, ai ba a markaɗa ba."

"Kai wa Sista ta markaɗa miki."

Yanzu bari in gaya muku abin da ya sa na yi haka. Ba mu daɗe da aure ba aka tafi da Kofur yaƙi. Wanda ya tafi mai dariya ne, yana ɗaga ni sama da hannu ɗaya. Wanda aka dawo mini da shi, idan murfin tukunya ya faɗi sai a same shi bayan randa. Hannunsa na dama yana karkarwa, ko shayi sai ya zubar da rabi. Yayyena suka zo har gida suka ce in tattara kayana, wannan ba miji ba ne, jinya ce. Babarmu ta yi kuka ta ce wata rana zai shaƙe ni. Na ce ya shaƙe. Tabon wuyansa kuwa, idan aka bar gashi a kansa sai ya nutse ciki ya yi ruwa, ya hana shi sakat. Shi ba ya iya yin askin da kansa. Aka kira mai askin unguwa, bawan Allah ya fita da haƙori biyu a tafin hannu, daga ranar ba mai askin da ya sake bin ta ƙofarmu.

Ni na ɗauki aska. Ni, da ko kan yaro ban taɓa askewa ba. Na rufe ƙofa, na zauna a gajeruwar kujera, hannunsa a kan tsintsiyar hannuna. Ya matsa in tsaya, ya saki in ci gaba. Ranar farko sai da tsintsiyar hannuna ta kumbura. Haka muke yi duk 'yan kwanaki har yau da gemun ya zama fari fat. Ba wanda ya taɓa gani, ko 'ya'yan da na haifa. Ban da zinari, ban da fili, ban je ko'ina ba. Abin da nake da shi a duniya wanda ba wata mace da take da irinsa, shi ne wannan askin. Shi aka ɗauka aka miƙa wa mai farar hula.

Na shiga gida na danna wa yarinyar saƙon murya. Na ce, "Ke! Ashe ɓarauniya na goya ban sani ba?"

Ba a jima ba nata ya shigo, murya ƙasa-ƙasa. "Inna lafiya? Ina cikin aiki, zan kira ki anjima."

Na sake dannawa. "Kada ki kira. Ki dai tabbata kina gida."

Ta turo wasu 'yan fuskoki masu hawaye. Na ce za ki yi na gaske.

Na buɗe akwati na ɗauko atamfata mai ruwan goro, wadda ba na sawa sai da dalili, tana ta warin kafur. Na ɗaura ɗankwali har ya danne mini gira, na yafa babban mayafi, na sa takalmin da yake matse mini ɗan yatsa. Kofur yana kwance a ɗaki da rediyo a ƙirji. Ya ce, "Ina zuwa haka?" Na ce, "Asibitin sojoji." Ban tsaya na ga fuskarsa ba.

Gidanta a saman bene yake, sai da na huta sau biyu a matakala. Ta buɗe ƙofa da doguwar rigar zaman gida, tabarau a saman kai, biro a soke cikin gashi.

"Inna! Da kin bari ni na zo."

"Ke da kika shiga ɗakina kin nemi izini?"

Na ture ta na wuce har ɗakin da take aiki. Littattafai har rufi, tsofaffin jaridu a ƙasa sun yi ja, hotunan sojoji ramammu da na wani dogon gini mai tagogi da yawa. Bango guda kuwa ta lulluɓe shi da 'yan takardu masu launi, kamar an yi ɓarin alawa.

Na ce, "Wannan fa?"

"Haka nake tsara littafi, Inna. Kowane mutum da launinsa. Kore na soja ne, ruwan ɗorawa na Sista."

"Matar gida fa?"

Ta sosa wuya. "Ja."

Ban iya karatu ba, amma ba makauniya ba ce ni. Ruwan ɗorawa ya cinye bangon tun daga sama har tsakiya. Ja kuwa sai da na sunkuya na same su can ƙasa kusa da soket, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, ɗaya ma ta ɓalle tana lilo.

Na ce, "Nan kika ajiye ni. Wajen da ake sharewa."

"Inna, zauna in yi miki bayani. Irin wannan rubutun, yaƙin gaskiya ne, sai da na yi bincike, na je har tsohon asibitin, na zauna da tsofaffin sojoji. Amma mutanen ciki ana haɗa su ne, a ɗebo nan a ɗebo can. Matar gida ba ke ba ce."

"Tana buga tukunya?"

"Eh, amma..."

"Tana da inji?"

"Na mai da shi keken ɗinki."

"Sannu da ƙoƙari. Wato kin zuba ni a inji, kin tace mai kyan kin ba Sista, dusar kin bar wa matar gida."

"Masu karatu suna son su ga wadda ta warkar da shi, Inna. Littafin a kan warkewa ne bayan yaƙi."

"Warkewa! Wata nawa ya yi a asibitin? Ni shekara nawa? Ita da aka tashi aiki tafiya take yi gida ta yi barci. Ni wa ya taɓa karɓa ta? Lokacin da yake tsalle daga gado yana kiran matattu, ke kina bayana a goye, da ke nake danne shi. Ko kin sa wannan a kore ko a ja?"

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Zan ƙara wa matar gida babi guda, wallahi. Babi biyu ma."

"Ban hau benen nan roƙon babi ba. Askina na zo karɓa. Kashi na gaba ki sa mai zaƙin muryar nan ta faɗa wa duniya kuskure aka yi, matarsa ce ta ɗora hannunsa a kan nata. Ki bar wa Sista farar hularta da sabulunta, ban ƙi ba. Askin nawa ne."

Ta cire tabarau daga kai ta sa a ido, ta sake cirewa. Ni na raine ta, na san wannan. Haka take yi tun tana ƙarama idan ta fasa abu tana neman inda za ta ɓoye.

"Inna, na san kina rufe ƙofa ranar aski. Amma ban taɓa ganin yadda kike yi ba. Ban san haka kike yi ba sai yanzu da kika faɗa."

"To a gidan uban wa kika samo?"

"Inna, ki bar shi haka don Allah."

"Kunna mini."

Ta daɗe tana lalube a waya, ina tsaye a kanta. Sai ga muryar Kofur ta cika ɗakin. Can baya ana jiyo wata mata tana zage-zage da mai sayar da ruwa, ni ce. Shi kuma a gaba yana magana a hankali, da wata irin murya mai laushi da ban san yana da ita ba.

"Sista ce ta fara. Ta kamo hannuna ta ɗora a nata. Hannun nan sanyi kamar an ciro shi daga randa. Ta ce in na matsa za ta tsaya." Sai ya yi 'yar dariya. "Akwai wani ɗan baƙin tabo a nan, daidai inda babban yatsana yake sauka."

Dariyar ce ta kashe ni. Irin dariyar wanda ya tafi ce, ba ta wanda aka dawo mini da shi ba.

Na ce, "Ashe ba gishiri ba ce."

Ta girgiza kai, hawaye na zuba. "Ban so ki ji ciwo ba."

"Shi ya sa kika bari na ji a bakin inji."

Ta riƙo mayafina, na fizge. Na sunkuya na ɓalle jajayen takardun nan duka, na dunƙule su na cusa a jaka. Na ce ko a bangonki ban yarda in zauna a ƙasan wata ba.

Da na iso gida la'asar ta yi sanyi. Ranar aski ce, ni na ma manta. Shi bai manta ba. Ya ɗora ruwa da kansa, ya jera kwano da sabulu da tawul a kan tebur, ya ajiye gajeruwar kujerata a gaban tasa. Yana zaune da farar singileti, gemun ya yi tsiri-tsiri kamar an yayyafa masa gari.

"Mai Inji, kin daɗe. Ruwan har ya fara hucewa."

Na rufe ƙofa. Ban cire mayafi ba. Na ce, "Tabon da yake hannunta, na dama ne ko na hagu?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Bai ce wace ba. Da ya ce wace, wallahi da kwanon nan ya tashi.

"Na dama."

"Shekara arba'in, Kofur. Ina alfahari a cikina, ina cewa Allah Ya ba ni dabarar da ba mai ita. Ashe kwaikwayon wata nake yi."

"Ban taɓa ce miki ke kika ƙirƙiro ba."

"Ni na kamo hannunka na ɗora!"

"Tuna dai. Ranar farko. Wa ya kama hannun wa?"

Na buɗe baki zan yi masa tatas, sai na tuna. Abin ya dawo mini tar, kamar jiya. Ina tsaye da aska a hannuna. Shi ya ce in ɗauko gajeruwar kujera. Shi ya miƙo hannu ya cafki tsintsiyar hannuna, har na runtse ido na ɗauka karya ni zai yi. Shi ya ce, "Idan na matsa, ki tsaya." Ni dai na yi ta yi ne har na manta wa ya fara.

Na zauna. A gajeruwar kujerar kuwa, don ita ce a kusa.

Na ce, "Idan ka rufe ido ina aske ka, hannun wa kake riƙe da shi?"

Ya yi shiru. Masu karatu, namiji idan yana da amsa mai daɗi ba ya daɗewa haka.

"Da farko nata."

"Daga baya fa?"

"Daga baya hannunki ya yi kanta saboda inji. Ba ya ruɗuwa da na kowa."

"Au, zagi ma za ka ƙara mini?"

"Ba zagi ba ne."

"Maganar wuƙa fa? Da abokinka? Yarinyar da na yi wa tsarki ka buɗe wa ciki, ni ka bar ni in ji tare da matar mai kemis?"

Ya shafa tabon da yatsa. "Ita idan na faɗa mata, tafiya take yi da shi gidanta. Ke idan na faɗa miki, a ɗakin nan zai zauna tare da mu."

Maganar ta shige ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ban nuna ba. Na yar da mayafi a kan gado, na tura gajeruwar kujera gefe da ƙafa, na miƙe tsaye a kansa. Na kaɗa sabulu har ya yi kumfa, na shafe masa fuska. Na buɗe aska. Ban nuna masa ciki da baya ba.

Ya miƙo hannu kamar kullum. Na janye nawa.

"Sa su a gwiwa."

"Mai Inji..."

"Duka biyun. Wancan askin nata ne, na mayar mata. Yau za a yi nawa. Idan ba ka yarda da ni ba bayan duk shekarun nan, faɗa mini in ninke askar, gemun ya kai cibiya."

Na ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya dubi ƙofa, ya dubi askar, ya dube ni. A raina na ce yau ko dai in fita da haƙorana a hannu kamar mai askin unguwa, ko in san matsayina. A hankali ya sauke hannun, ya ɗora su a kan gwiwoyinsa, na daman yana ta karkarwa yana buga ƙashi.

Na fara daga kunnen dama. Aska tana tafiya, kumfa tana taruwa da farin gashi, ina gogewa a tawul. Kunci. Gefen baki. Haɓa. Numfashinsa yana fita da ƙarfi ta hanci kamar mai hawan tudu. Na ɗaga haɓarsa da yatsa biyu, ga tabon nan ya miƙe daga ƙasan kunne zuwa tsakiyar wuya, yau na san ko mene ne. Na ɗora ƙarfe a kai. Yatsunsa suka nutse cikin wando, na ji zaren yana ƙara. Hannun ya ɗago kamar taƙi guda daga gwiwa, ya tsaya a iska. Ni ma na tsaya. Ya koma da kansa.

Na bi tabon nan a hankali har ƙarshe, ko ƙwarzane babu. Na goge da ruwan ɗumi. Ɓangaren dama ya fito sumul.

Ya buɗe ido, hawaye ya gangaro ya yi hanya cikin kumfar hagu. Na ce a raina shi ke nan, a bar wa Sista littafinta, wannan ba ta taɓa samu ba. Har na fara tunanin abin da zan dafa masa.

Sai ya ce, "Tunda aska tana hannunki, nawa hannun kuma ba ya kanki, bari in faɗa miki sauran. Na hana yarinyar ta faɗa, na ce ni zan faɗa da bakina."

"Wane saura?"

"Tana da rai."

Ban motsa ba.

"'Yarta ce ta ji littafin, ta gane uwarta, ta nemo lambar yarinyar nan. Wai tsohuwar tana so ta gan ni. Ita kuma yarinyar tana so ta rufe littafin da haɗuwarmu."

"Ka ce me?"

"Na ce su zo."

"Ina?"

"Nan. Jibi."

Na dubi askar. Na dubi wuyan da yake miƙe a gabana, ba mai tsaronsa. Shi ma ya ga inda nake kallo, amma hannunsa bai bar gwiwa ba. Na tsoma askar a kwano na ɗauraye ta tas, na goge, na ninke, na ƙulle ta a bakin zanina.

"Mai Inji, saura hagu."

Na ce, "Na yi nawa. Wannan ajiye wa baƙuwarka, ta zo ta ƙarasa."

Yanzu haka da nake faɗa ana buga muku, yana can zaune a tsakar gida, rabin fuska sumul, rabi farin gemu. Jikoki sun shigo sun gan shi sun fita da gudu suna dariya. Ya aiko sau biyu a kira ni. Ni kuwa na ba maƙwabciyata sabon yadi, na ce ko ba ta ɗinka na kowa ba ta gama nawa kafin jibi. Ni zan buɗe ƙofar da kaina, kuma hannun dama zan fara miƙa mata, ina so in ga tabon nan da idona.